Taɓarya a Gindin Rumbu

Na ji abin da kuka faɗa a bakin rijiya. Ba wanda ya kawo mini tsegumi, kunnena ne ya jiyo, don ido ne ya fara gudu ya bar ni, kunne yana nan. Kun ce aikin Ladi mai magani ba aiki ba ne. Wai ta tsinko ganye ta jefa a tukunya ta ba tsoho, in ya tashi a ce ta iya, in ya mutu a ce kwanansa ne ya ƙare, ita kuwa hatsinta na rumbu ba ya fashi. To, ku ci gaba da gyaran ramarku, kunne kawai nake so.

Gwiwar Baba Audu masaƙi ita ce aikin farko da aka bari na taɓa da hannuna. Zaman saƙa ya cinye masa ƙafafu, gwiwar hagu ta kumbura ta yi kamar duma. Iya Gambo, wadda ta koya mini sana'ar nan, ta kifa turmi ta zauna a kai, ta ce in yi masa gashi. Na gasa ganyen tumfafiya a kasko, na shafa man kaɗe, na ɗora. Tsohon ya kurma ihu har kaji suka watse. Iya ba ta tashi ba, ba ta ma ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Ke Ladi, fatar tsoho ba fatar jaki ba ce. Duk abin da za ki ɗora masa, ki fara ɗora wa kuncinki." Har yau in kun lura da kuncina na dama, ya fi na hagu duhu.

Kafin wannan rana kuwa na yi shekara da shekaru ba abin da nake yi sai daka. Sassaƙe, saiwa, busasshen ganye, in daka, in tankaɗe, in sake dakawa. Turminmu na magani daban yake, ba ya ganin hatsi, taɓaryarsa ma daban, ta icen kirya ce mai nauyi. Akwai ƙaramin gizago na sassaƙa, da dutsen niƙa, da tandunan fata na ajiye gari, da tukwane waɗanda kowace da abin da ake dafawa a cikinta. Tukunyar maɗaci in kin dafa sabara a ciki kin ɓata duka biyun. Iya ba ta taɓa gaya mini sunan gari ba. Sai dai ta laƙato ta sa mini a harshe ta ce, "Mene ne?" In na kuskure, ranar ba ni da fura.

Yanzu bari in gaya muku asalin rumbun da kuke gani a ƙofar gidan dagaci, wanda kuke wucewa kullum ba ku tambaya. Tun kafin a haife ni aka kafa shi. Da kaka, bayan an fitar da zakka an ware na jakadan sarki, kowane gida sai ya kai dami guda a zuba a ciki. Ba na ci ba ne, na jinyar tsofaffi ne. Daga cikinsa ake biyan wanzami, daga cikinsa ake sayen abin da ba ya tsirowa a ƙasarmu, daga cikinsa ake ba ni abin da nake sawa a baki. Shiga cikinsa kuma ba da baki ake yi ba. Namijin da ƙarfinsa ya ƙare sai ya ɗauko fartanyarsa ya kai gindin rumbu ya ajiye a gaban mutane. Mace kuwa taɓaryarta take kaiwa. Daga ranar ya zama na rumbu, ciwonsa ya zama na gari, ko yana da 'ya'ya ko ba shi da kowa. Ba a tilasta wa kowa. Na ga tsofaffin da suka gwammace su faɗi a kunyar gona da su ajiye fartanya, don a ganinsu ajiye ta sallama ce da duniya.

Kuna cewa ganye kyauta ne. A ina? Ku tsaya a bayan gari ku duba gabas da yamma, daga nan har Minjibir, akwai dajin da ba gonar wani ba? Kowace tsamiya da mai ita, kowace ɗorawa an san wanda ya gada. Na tuna wani tsoho da zazzaɓi ya ƙi saki, ana neman sassaƙen maɗaci, kuma maɗacin da ke kusa yana gonar wani mutum mai tsananin rowa. Na tsuguna a ƙofar gidansa tun hantsi har rana ta take, kafin ya yarda, shi ma sai da ya bi ni ya tsaya a kaina yana cewa, "Ya isa haka, Ladi, itacen ba na ubanki ba ne." Gefe guda ake sassaƙa, a kwaɓa laka a shafe wurin. In kin zagaye itacen kin kashe shi, kin kuma rufe wa kanki ƙofar gidan har abada.

Abin da ya fi cin rumbu shi ne na saye: kanwa ungurnu, zuma, man shanu, citta, kanumfari, masoro. Waɗannan a wurin Malam Bukar nake samu, wani Babarbare da kakanninsa suka zauna a wajen Ungogo, yana zagayo kasuwannin ƙauye da jakunansa. Hatsi nake kai masa ya auna ya ba ni kaya. Mutum ne mai gaskiya a awo, amma ba ya ragi ko na ƙwayar masoro. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Ladi, ni ma ba a gonata take tsirowa ba. Raƙumi ne ya ɗauko ta, shi ma da cikinsa."

Sai wanzami. A zamanin da nake ba ku labari, Ɗan'azumi ne Sarkin Askan garin nan. Sa'ana ne, tare muka yi wasan ƙasa. Hannunsa yana da kyau, ban taɓa ganin tsagarsa ta ruɓe ba. Ka'idar da muka tarar ita ce a biya shi a kan kowane ƙaho da ya kafa wa na rumbu, a auna masa gero. Su kuma tsofaffi ba abin da suke so irin ƙaho. Ku gan su da safe a gindin ɗorawar masallaci, sun tuɓe riguna, ƙahoni a jere a gadon baya, suna gasa da juna.

"Duba nawa, Sarkin Aska, baƙi ƙirin! Wannan jinin tun na auren fari ne."

"Kai tafi can, naka ai ruwan jiƙo ne. A ƙara mini ɗaya a kafaɗa, Wanzam, ba daga rumbunka za a ɗiba ba."

A shekarar ƙoshi ba wanda ya damu. Tsoho ya sha ƙaho, ya koma gida ya sha fura da nono, jini ya dawo.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana da ciki. Muka zuba ido har ganye ya naɗe, dawa ma ba ta yi abin kirki ba. Da kaka mutane sun kawo damin rumbu, ban ce ba su kawo ba, amma dami ne da mace za ta ɗauka da hannu ɗaya. A wannan kakar ce Iya Gambo ta kai taɓaryarta gindin rumbu. Ba ta da ɗa ba ta da jika, ni ce kawai. Tari ya kama ta, ƙafafu suka kumbura, in ta kwanta numfashi ya ƙi, sai a zaune take barci. Abin da ke sauƙaƙa mata shi ne zuma da man shanu da kayan yaji a kunun ungurnu, safe da yamma. Wato duk abin da ya fi tsada a tandunana shi cikinta yake so. A shekarar kuma ayari bai iso da wuri ba, Malam Bukar ya ninka kuɗin kanwa, zuma kuwa sai an yi rantsuwa kafin a yarda akwai ta.

Gadon bayan wata tsohuwa, Gwaggo Mairo, shi ya fara nuna mini inda muka dosa. Da bazara ne. Jiri yake ɗibarta, aka kira ni. Na kwance mata zane zan shafa mata mai, sai na ga sabuwar tsaga a kan wadda ba ta warke ba, tun daga wuya har ƙugu. Na ja fatar idonta ƙasa, fari fat. Na ce, "Gwaggo, me kika ci yau?" Ta ce kwaɗon tafasa. Jiya fa? Tafasa. Na zaga gidajen sauran, duk labarin ɗaya ne. Gonar Ɗan'azumi ta mutu kamar ta kowa, gidansa cike da yara, ba shi da wata hanyar gero sai ƙaho. Su kuma tsofaffin yunwa ta sa musu ciwon kai da kasala, suna cewa mataccen jini ne, su da kansu suke aika a kira shi. Shi bai ƙi ba, su ba su ƙi ba, rumbu yana ta sauka.

Na sami Ɗan'azumi yana wasa aska a zaurensa, na gaya masa. Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ladi, ki tsaya a tukunyarki in tsaya a zabirata." Don haka na tafi wurin dagaci.

Aka zauna a zaure, dagaci da liman da manyan gari. Ni ina tsugune daga bakin ƙofa. Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda bai ci ba ba a zuƙe masa jini. In aka ci gaba da biyan ƙaho ɗaya-ɗaya, kafin ruwa ya zauna za mu rasa tsofaffin mu rasa geron."

Ɗan'azumi ya ce, "Ranka ya daɗe, a tambaye ta, na taɓa shiga gidan da ba a kira ni ba?"

Na ce, "Ba ka taɓa ba. Ba ka kuma taɓa cewa a'a ba."

Nan ya ajiye zabirarsa a ƙasa. Ya ce, "To tunda abin faɗa ne, a faɗa duka. Zuma da ungurnun da Iyarta take sha ita kaɗai, geron da ake kai wa Malam Bukar a kansu ya fi na ƙahonin unguwa guda. Ni yarana da dusa suke kwana. Ita wa ya ce mata a'a?"

Abin da ya faɗa kuwa haka yake.

Liman ne ya kawo mafita a kan ƙaho. Ya ce a daina auna wa wanzami a kan aiki. A ba shi ɗan abin da zai riƙe gidansa yanzu, sauran ladansa kuma sai kaka, a ba shi a kan kowane na rumbu da ya ga sabon gero da ransa. Ɗan'azumi ya ce, "Wato in Allah ya ɗauki ran mutum ni zan biya?" Dagaci ya ce haka za a yi. Maganar zuma kuwa ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Na san irin wannan tunani. Ba mai son a ce shi ya cire zuma daga bakin tsohuwar da ta yi jinyar uwarsa.

Maganar zaure ba ta kwana a zaure. Washegari da hantsi na dafa kunu na kai ɗakin Iya, ban same ta ba. Matar da ko bayan gida sai na riƙe ta. Na bi sawun sandarta a ƙasa har ƙofar gidan dagaci. Na tarar da ita a durƙushe a gindin rumbu, tana ture fartanyoyin mutane, ta kamo taɓaryarta tana ja. Mutane sun tsaya cirko-cirko, ba wanda ya taɓa ganin an yi haka.

Na ce, "Iya, mene ne wannan?"

Ta ce, "Kayana na zo ɗauka."

"Ki mayar. Ba wanda ya ce ki fita."

Sai da ta huta, numfashi ya dawo, sannan ta ce, "Ke Ladi, ni na koya miki awon zuma. Kina tsammani ban san abin da nake sha ba? Cokalina ɗaya tuwon Mairo ne na yini. Ɗan'azumi bai yi ƙarya ba, rashin kunya kawai ya yi."

Dagaci ya fito ba ko rawani, yana cewa, "Haba Iya, haba Iya." Ta ce, "Ranka ya daɗe, da hannuna na ajiye, da hannuna na ɗauka. In na ga sabon gero zan dawo da ita." Ta dube ni ta ce, "Tsayuwar me kike yi? Ɗauki, ta fi ƙarfina." Na saɓa taɓarya a kafaɗa ɗaya, ita a ɗaya, muka koma.

Daga ranar ban sake taɓa tandun rumbu dominta ba, don ko na saka a ɓoye harshenta zai gane. To a nan ne za ku san ko ganye aiki ne. Jinyar mai kumburi da tari ba zuma ba mai, a cikin marka, da abin da ke bakin shinge kawai. Ina tafasa mata sabara ta yi surace. Ina jiƙa tsamiya in ɗan sa tokar kara a madadin kanwa. Zogale nake dafawa ya yi laushi in murje shi a rariya, don ba haƙora. In jingina ta da bango in sa mata buhun ƙaiƙayi a baya, in ɗaga ƙafafun a kan turmi, in juya ta kafin fata ta ɗaye. Tsakanin wannan kuma ga sauran tsofaffi, gida gida, a cikin taɓo. Geron da aka daina kai wa Malam Bukar dagaci ya yarda a riƙa dama musu kunu da shi. Shi ne maganin da ya fi yi musu aiki a shekarar.

Sabuwar ka'idar ma ba ta zo da daɗi kawai ba, kada ku ɗauka an gyara duniya. Da ladan ƙaho ya tsaya, Ɗan'azumi ya shiga bin kasuwanni har Makoda yana aski don ya ciyar da gida. Ƙaho ya ragu, haka ne, amma in maruru ya nuna a jikin tsoho ana neman mai sakiya, sai a ce ya tafi cin kasuwa. Baba Audu masaƙi ya sha azabar wannan jira. Da can aiki ya yi yawa, yanzu ana neman mai aikin. Ban ga ka'idar da ba ta cin wani ba.

Ƙafar Iya ta dama ta tara ruwa ta yi ƙurji a ƙasan gwiwa. Wannan aikin aska ne, ba nawa ba. Ita kuma ba ta rumbu ba ce yanzu, ko ta rayu ko ta mutu ba abin da zai shiga buhun wanzami. Ban aika masa ba. Wata safiya ina shara sai na ji sallama, ga Ɗan'azumi da zabira, ƙafafunsa duk taɓo, daga hanya yake. Bai gaishe ni ba. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Iya, ina kwana."

Ta ce, "A'a, marar kunya ne? Ba ni da gero fa."

Ya ce, "Miƙo ƙafar."

Ya fasa, ya matse, ya wanke, ya ɗaure, aiki mai tsabta. Da zai tafi ya zaro wani ɗan ƙoƙo daga zabira ya ajiye a bakin ƙofa. Zuma ce. Ya ce a wata ruga aka ba shi ladan kaciya. Na san abin da zumar nan za ta sayo wa yaransa a kasuwa. Iya ta ce ya ɗauke abinsa. Ya ce, "Wannan ba ta rumbu ba ce, ba ki da ta cewa." Ya fita.

Da tsinke nake ɗibar zumar nan ina sa mata a harshe. Ruwa ya yi kyau a wannan damina, gero ya fitar da kai. Kullum sai ta tambaye ni, "Ya yi ido?" in ce saura kaɗan. Ranar da aka fara karyo tumu na gasa guda, na murje, na niƙa a dutse, na dama mata. Ta sha cokali biyu, ta juya shi a baki kamar yadda take gwada magani, ta ce, "Na gonar tudu ne. Bai gama nuna ba, kun yi gaggawa." Na ce to gobe sai mu mayar da taɓarya. Ta ce a bari a ɗaure dami tukuna, kada ta koma wa rumbu yana wofi.

Ba ta kai ɗaurin dami ba. Ta rasu ana cikin girbi, da rana tsaka, a zaune.

Da aka zo sallamar wanzami, Gwaggo Mairo tana cikin waɗanda suka ga sabon gero, Baba Audu ma haka, da mafi yawansu. Liman ya ce a sa har da Iya Gambo, tunda ta sha tumu. Ɗan'azumi ya ce a'a, taɓaryarta ba ta gindin rumbu, shi ba ya cin abin da ba nasa ba. Shi ma ya daɗe da rasuwa yanzu, Allah ya jiƙansu duka. Ɗansa ne ke riƙe da zabirar, kuma har yau ana jayayya a zaure a kan yadda za a biya shi.

Taɓaryar ita ce wannan da ke jingine a bayanku. Da ita na yi daka tun daga ranar. Bana na ɗaga ta na ji kafaɗata ta ƙi, kuma jiya na laƙaci garin sabara na ɗauka marke ne. Mai irin wannan harshe bai kamata ya ba tsoho magani ba. In an zuba damin bana zan kai ta gindin rumbu, ban kuma san wadda za ta gasa mini tumfafiya ta gwada a kuncinta ba.

Wadda take ganin aikin mai sauƙi ne ta zo gobe da sassafe, kafin ta karya. Akwai maɗaci da za a daka.